Yadda za ka gina ƙarfin bayan damtse don bencinka ya ƙaru

Duk wanda ya ɗan jima yana ɗaga ƙarfe ya san wannan abin: ka kwanta a benci ka sauko da sanda kan ƙirji, ta taso lafiya lau, tana zuwa rabin hanya sai ta cije, hannu na karkarwa, jijiyoyin wuya duk sun fito, sai wanda ke tsaye a kanka ya sa yatsu biyu kawai ta haye. Yawancin sababbin shiga nan take sai su ce ai ƙirji ne bai da ƙarfi, su je su ƙara lafta wa ƙirji aiki, wata biyu wata uku nauyi na nan inda yake. Alhali sau da yawa matsalar a bayan damtse take, wato tsokar da ake kira tiraisef.

Abin da ya kamata ka sani game da ita ba shi da yawa. Babban aikinta miƙe gwiwar hannu ne. Kai uku gare ta, biyu sun taso daga ƙashin damtse, ɗaya kuma, wanda ake cewa dogon kai, daga allon kafaɗa ya taso, dukkansu kuma sun haɗu sun manne a tsinin gwiwar hannu. Ta fi baisef, wato tsokar gaban damtse, girma nesa ba kusa ba, duk da cewa baisef ɗin samari suka fi damuwa da shi saboda shi ake gani a madubi. A benci, wato wannan turin sanda da ake yi a kwance, ƙirji da gaban kafaɗa su ke tayar da sanda daga ƙasa, amma tana wuce rabi nauyin aikin ya fara komawa kan tiraisef har ka kulle hannu a sama.

Kayan da za ka tanada

Benci shimfiɗaɗɗe wanda ba ya girgiɗi, da sandar ƙarfe. Cikakkiyar sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce, amma akwai jim da yawa da sandunansu ba su kai haka ba, ka tambaya ko ka auna don lissafinka ya zama daidai.

Faifan nauyi, har da ƙananan nan masu kilo 1.25. Mutane na raina su amma wallahi su ne za su ɗauke ka zuwa gaba.

Rak, wato ƙarfen da ake ɗora sanda a kai, mai sandunan tsaro a gefe, ko kuma mutum mai hankali da zai tsaya maka a kai. Ɗaya daga cikin biyun nan dole ne.

Dambel guda biyu, wato gajeren nauyin nan da ake riƙewa a hannu, da lanƙwasasshiyar sandar nan ta EZ in akwai. In babu ita dambel ya wadatar.

Sanduna biyu na yin dif, wato motsin da mutum ke dafa su ya sauka ya tura jikinsa sama.

Robar motsa jiki ko injin kebul mai igiya.

Guntun katako mai kauri, ko tawul da aka naɗe tam.

Littafi da biro, ko ka riƙa rubutawa a waya. Wanda ba ya rubuta nauyin da ya ɗaga hasashe kawai yake yi.

Ɗaurin wuyan hannu ba dole ba ne, in kana da shi to, in babu kar ya hana ka farawa.

1. Fara gano inda sandar ke tsaya maka

Kar ka tsallake wannan. Ka sa nauyin da za ka iya ɗagawa kamar sau biyar, ka ba wani wayarka ya ɗauke ka bidiyo daga gefe, ka yi har sai na ƙarshe ya zo da ƙyar, sannan ka zauna ka kalla. In sandar tun daga kan ƙirji take ƙin tashi, to wannan ba laifin tiraisef ba ne sosai, ƙirji ne da kafaɗa da kuma yadda kake kwanciya, abin da zai fi maka amfani shi ne ka riƙa dakatar da sanda a ƙirji na daƙiƙa ɗaya zuwa biyu kafin ka tura. In kuwa tana tashi da gudu sai a rabin hanya ko sama da haka ta mutu, ko ka ga gwiwoyin hannunka suna buɗewa gefe da wuri suna gudun aikin, to kai ake wa wannan bayanin.

2. Ɗumama gwiwar hannu kafin komai

Minti biyar na motsa jiki mara nauyi, sannan ka rataya roba a sama ka danna ta ƙasa sau 20 zuwa 30, ka huta ka sake, wato zagaye biyu ke nan, har ka ji wurin ya yi ɗumi. Daga nan ka ɗauki sanda babu faifai ka yi sau 10 zuwa 15, ka riƙa ƙara nauyi kaɗan-kaɗan kana rage adadi har ka iso nauyin aikinka. Tsoka tana saurin ƙarfi amma jijiyar da ta ɗaure ta da ƙashi a hankali take sabawa, shi ya sa za ka ga mutum ƙarfinsa na ƙaruwa amma gwiwar hannu ta fara masa ciwo.

3. Gyara kwanciya

Ka matse allunan kafaɗarka su haɗu a baya ka ja su ƙasa, ƙirji ya ɗago, ƙafafu su kafe a ƙasa, ɗuwawu kar ya bar benci. Sanda ta zauna a gindin tafin hannu daidai kan ƙashin hannu, ba can wajen yatsu ba inda wuyan hannu zai karye baya. Babban yatsa kuma ya zagaye sandar. Akwai masu riƙewa ba tare da sun zagaya da babban yatsa ba wai ya fi daɗi, ni dai ba na ba kowa wannan shawarar, in ta suɓuce kan ƙirji ko wuya za ta faɗo kuma mai tsaya maka ba zai iya tarewa ba komai saurinsa.

4. Benci mai matsattsen riƙo

Wannan shi ne uban tafiyar, in da za a ce ka zaɓi ɗaya kacal cikin duk abin da zan lissafa to shi za ka ɗauka. Dalili kuwa shi ne yana kama da bencin da kake son ƙarawa, kwanciya ɗaya, sanda ɗaya, kuma yana ba ka damar ɗora wa tiraisef nauyi mai yawa wanda ba za ka taɓa iya ɗora mata a injin kebul ba.

Inda kusan kowa ke ɓata shi shi ne wajen riƙo. Da sun ji an ce matsattse sai su haɗa hannuwa har manyan yatsu na taɓa juna, wannan ba ya ƙara wa tiraisef komai sai dai ya murɗe maka wuyan hannu ya kuma sa ka rage nauyi. Faɗin kafaɗarka ya isa. A cikakkiyar sanda akwai wuri mai santsi a tsakiya sai kuma mai kaushi ya fara, yawancin mutane in suka sa yatsan nuni daidai inda kaushin ya fara ko gaba da shi kaɗan to sun samu daidai. Mai faɗin jiki ya ɗan buɗa fiye da haka. Yadda za ka tabbatar: in sanda ta sauka ƙirji, hannunka daga gwiwa zuwa wuyan hannu ya tsaya ƙyam a miƙe in an kalle ka daga wajen kai, kar ya karkata ciki.

Ka sauko da ita a hankali, gwiwoyin hannu kusa da jiki amma ba manne da haƙarƙari ba, ta taɓa ƙasan ƙirji, wato ƙasa kaɗan da inda take sauka a bencinka na yau da kullum, sannan ka tura da ƙarfi sama tana ɗan komawa wajen fuska, ka miƙe hannu gaba ɗaya. Wannan miƙewar ta ƙarshe kar ka yi mata rowa, na sha ganin masu tsayawa saura kaɗan su sake saukowa wai don tsoka ta ci gaba da zafi, to ai wurin da kake yankewa ɗin nan shi ne ainihin abin da ka zo gyarawa.

Kar ka buga sanda a ƙirji ta yi tsalle. Nauyi kuma ka sa a ranka ba zai kai na bencinka ba, ka fara da kamar kashi 70 cikin 100 na abin da kake yin aiki da shi a faɗaɗɗen riƙo ka ga yadda jiki ya karɓa. Zagaye 3 zuwa 4, kowanne sau 5 zuwa 8, hutun minti biyu zuwa uku a tsakani, kuma ka riƙa ajiyewa alhali kana jin da sauran ɗaya ko biyu a jikinka.

In babu sanda ka yi da dambel, tafukan hannu na kallon juna. In babu ƙarfe kwata-kwata ka yi firesof da hannuwa a matse daidai kafaɗa, in ya yi sauƙi ka ɗora ƙafafu kan kujera ko ka goya jaka mai nauyi a baya.

5. Aikin rabin sama: bencin ƙasa da katako

Tunda a sama kake mutuwa sai a ware saman a ba shi aiki na musamman. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kwanta a ƙasa cikin rak maimakon benci, ka sauko da sanda har bayan damtsenka ya taɓa ƙasa, ka dakata kaɗan, sannan ka tura. Ƙasa ta yanke maka rabin hanya, kuma babu taimakon ƙafa, babu tsallen ƙirji, tiraisef ce za ta tayar da nauyin daga tsaye cik. Abin kiyayewa kar ka saki gwiwar hannu ta daki ƙasa, da nauyi a sama wannan bugun kai tsaye wuyan hannu da gwiwa yake tafiya.

Ɗaya hanyar ita ce katako, wani ya riƙe maka shi a kan ƙirji ka sauko da sanda ta zauna a kai ka tura. Masu gasar ɗaga ƙarfe na Westside Barbell da ke Kolombus a jihar Ohayo ta Amurka, ƙarƙashin Louie Simmons wanda ya rasu a 2022, suna cikin waɗanda suka yayata wannan salon, kuma su dama sun ɗauki tiraisef a matsayin babbar tsokar benci. Sai dai ka sani da yawansu da rigar benci ta musamman suke gasa, rigar tana taimaka musu a ƙasa shi ya sa suka fi ba sama ƙarfi, kai da kake ɗagawa haka nan ba riga kar ka mayar da katako babban aikinka, ƙari ne kawai. In babu katako ka cusa naɗaɗɗen tawul cikin riga, ko ka saita sandunan tsaro na rak daidai wurin da kake cijewa ka riƙa turawa daga kansu.

Zaɓi ɗaya cikin waɗannan, ba duka ba. Zagaye 3, sau 3 zuwa 6. A katako za ka iya ɗaga fiye da bencinka, wannan kuma yana da daɗi yana kuma ruɗar mutum, kar ka yi ta ƙara kaurin katako don kawai ka ga faifai da yawa.

6. Dif

Ka hau sanduna biyu, jiki a miƙe kar ka sunkuya gaba sosai don in ka sunkuya aikin ƙirji yake komawa, ka sauka har damtse ya yi daidai da ƙasa sannan ka tura sama ka miƙe hannu. Zagaye 3, sau 6 zuwa 12. In kana wuce 12 cikin sauƙi ka rataya faifai a ƙugu ko ka maƙale dambel tsakanin ƙafafu. In ko ɗaya ba ka iyawa ka ɗaura roba tsakanin sandunan ka ɗora gwiwar ƙafa a kai, ko ka yi tsalle ka hau sama ka riƙa saukowa kaɗai a hankali cikin daƙiƙa biyar.

Dif ba na kowa ba ne. Wasu da sun sauka za su ji suka a gaban kafaɗa ko a tsakiyar ƙashin ƙirji, in kai ne to ka bar shi, ba abin da ka rasa, ka ƙara zagaye a mataki na huɗu. Shi kuwa wanda ake yi da hannu a baya kan benci ƙafafu a gaba, ni ban cika son sa ba, yana tura kafaɗa wurin da ba ta so.

7. Lanƙwasa gwiwar hannu kaɗai

Nan ne ake gina naman kanta. Ka kwanta a benci da sandar EZ, hannuwa a miƙe sama, ka ɗan karkatar da damtse baya wajen kai, sai ka lanƙwasa gwiwar hannu kawai sanda ta sauko. Mutane sun saba kawo ta goshi, ni na fi son ta wuce bayan kai kaɗan, ya fi sauƙi ga gwiwa kuma yana jan dogon kan nan da muka ambata, sannan in hannu ya gaza ba fuskarka za ta karɓa ba. Gwiwoyi su kalli sama kar su buɗe gefe. Zagaye 3, sau 10 zuwa 12, kuma nan ba wurin nuna bajinta ba ne, wannan motsin yana yawan jawo ciwon gwiwar hannu ga masu zarin nauyi.

Akwai kuma na saman kai, a zaune ko a tsaye, ka riƙe dambel ɗaya da hannu biyu ko igiyar kebul ka sauko da shi bayan ƙeya ka miƙe. Tunda dogon kai daga allon kafaɗa ya taso, sai hannu na sama yake miƙewa sosai. Wani bincike da aka yi a Japan aka fitar a 2022 ya sa mutane sun yi mako 12 hannu ɗaya na yin na saman kai ɗayan na danna kebul ƙasa, sai aka ga hannun da ya yi na sama ya fi girma, duk da cewa nauyin da yake ɗagawa bai kai na ɗayan ba. Don haka kar ƙarancin nauyin ya dame ka.

In ka ƙware akwai wanda ake kira JM, sunan wani ɗan gasa ne JM Blakley, shi tsakanin matsattsen benci ne da wannan na kwance, ana sauko da sanda wajen haɓa, gwiwoyin hannu suna gaba. Yana da kyau ƙwarai ga benci amma sabon shiga ya bari tukuna sai ya samu wanda ya iya ya nuna masa ido da ido.

8. Rufewa da roba

Danna roba ko kebul ƙasa, mara nauyi, sau 20 zuwa 30, zagaye 2 ko 3, gwiwa manne da jiki, kar ka hau kai da nauyin jikinka. Wannan ba shi ke ƙara benci kai tsaye ba, amfaninsa ƙarin aiki ne da ba ya gajiyar da gaɓa.

9. Jera su a mako

Kar ka kwashe duk abin da na lissafa ka zuba a rana ɗaya, ka tuna duk bencin da kake yi da turin kafaɗa tiraisef na ciki. Kwana biyu a mako ya isa, da tazarar aƙalla awa 48, in ma kwana uku ne ya fi.

Rana ta farko: bencinka na yau da kullum da nauyi, sai bencin ƙasa ko katako, sai na kwance da sandar EZ.

Rana ta biyu: matsattsen benci a matsayin babban aiki, sai dif, sai na saman kai, ka rufe da roba.

Kullum mai nauyi ne a gaba. In ka fara gajiyar da tiraisef da kebul sannan ka kwanta ƙarƙashin sanda, bencin ranar ya lalace kuma haɗari ne. Sannan kar ka manta da aikin baya, ja da kake yi ya yi daidai da turi ko ya fi, don bayan nan shi ne abin da kake kwanciya a kai kana turawa.

Wajen ƙara nauyi ga yadda nake yi. Misali matsattsen benci ka sa kilo 60, kana yin zagaye 4 na sau 5. Ka tsaya a 60 ɗin kana ƙara adadi mako-mako har ka kai sau 8 a duka zagayen huɗu da kyakkyawan motsi, sannan ka ƙara kilo 2.5, wato faifan 1.25 kowane gefe, ka koma sau 5 ko 6 ka sake hawa. A ido kamar ba komai, amma ka lissafa in ka yi haka sau shida kilo 15 ke nan. Masu tsallakawa daga 60 zuwa 70 lokaci ɗaya su ne za ka tarar bayan wata shida suna nan a 60. In jim ɗinku babu ƙananan faifai sai ka faɗaɗa adadin, ka kai har sau 10 ko 12 kafin ka ƙara kilo 5.

Bayan kowane mako huɗu zuwa shida ka yi mako guda na sauƙi, ka rage zagaye zuwa rabi ka kuma rage nauyi kaɗan.

10. Ciwo, hutu da gwaji

Ka bambanta tsamin tsoka da ciwon gaɓa. Tsami a naman damtse kwana ɗaya ko biyu bayan aiki ba komai ba ne. Amma suka a tsinin gwiwar hannu da ke ƙaruwa duk zagaye, wannan jijiya ce ke magana, ka ajiye na kwance da na saman kai na mako biyu, ka ci gaba da roba mara nauyi da turin da ba ya maka ciwo, in ka dawo ka canza zuwa dambel ko igiya. In akwai kumburi, ko yatsu na mutuwa, ko ka ji wani abu ya tsinke hannu ya ƙi miƙewa, to ka tafi asibiti, ba maganar jim ba ce kuma.

Barci awa 7 zuwa 9, da abinci isasshe, furotin kamar giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinka a rana, wato mai kilo 70 yana neman kamar giram 112. Wanda ke rage ƙiba yana cin kaɗan kar ya yi mamaki in benci ya ƙi motsi.

Kar ka riƙa gwada iyakar ƙarfinka kowane mako. Ka ba tsarin mako 8 zuwa 12, ka yi makon sauƙi, sannan ka gwada da mutum tsaye a kanka, kuma ka faɗa masa tun kafin ka kwanta kar ya taɓa sanda sai in ta fara komawa ƙasa. In kai kaɗai ne kuma babu sandunan tsaro, kar ka sa makullin faifai a bakin sanda, yadda in ta danne ka za ka karkatar da ita gefe faifan su zube, amma gaskiya ranar gwaji ka nemi mutum. Ka sake ɗaukar bidiyo daga gefen da ka ɗauka da farko ka haɗa su ka gani, in wurin cijewar ya sauko zuwa kan ƙirji to yanzu tiraisef ta wuce gaba, sai ka rage katako ka koma dakatar da sanda a ƙirji na zagayen watanni na gaba.